Kwana Biyu a Sawakin Kafin Jirgi Ya Tashi

Wani matashi daga Gadarif ya aiko mini da tambaya. Zai tafi umra ta jirgin ruwa, kuma zai yi kwana biyu a Sawakin yana jiran tashi. Ya ce kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya shekara da shekaru a hanya, ya ƙetare ta wannan gari, ya dawo ya zauna noman dawa a Gadarif har Allah ya karɓi abinsa. Takardar tafiyarsa tana nan cikin akwatin kakarsu. Wani abokinsa ya ce masa kada ya wahalar da kansa, babu komai a tsibirin sai kufai da kyanwoyi. Yana son ya ji ko haka ne, me ya rushe garin, ko akwai gidan tarihi, sannan su matasan unguwarsu suna da niyyar buɗe ɗakin tarihi nasu, ta ina za su kama.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya karɓi ibada, ya kai ka lafiya, ya jiƙan kakanka. A Bur Sudan aka haife ni, aikin gini na yi rayuwata duka, kuma shekaru masu yawa daga ciki na yi su ne a gyaran tsofaffin bangaye na dutsen teku, har da na Sawakin. Saboda haka tambayarka ta zo gida.

Abokinka bai yi ƙarya ba, kufai ne mafi yawa. Amma ka je. Kufan da ka san yadda ake karanta shi ya fi gini sabo ba da labari, domin cikinsa a buɗe yake.

Garin kashi biyu ne. Akwai tsibiri ɗan ƙarami, kusan zagayayye, wanda za ka kewaye da ƙafa cikin ƙasa da awa ɗaya, yana zaune a ƙarshen wani dogon mashigin ruwa da ya kutso daga Bahar Maliya. Sai ɓangaren gaɓa da ake kira Gef, inda kasuwa take, inda mutane suke zaune har yau. Wata 'yar hanya ce da aka cike a kan ruwa ta haɗa su, tun zamanin Gordon, Baturen da ya yi gwamnan Sudan, a ƙarshen shekarun 1870. Kafin nan sai da kwale-kwale. Bija, masu ƙasar, da harshensu suna kiran garin da kalmar da ke nufin kasuwa. Mutanen gari kuma za su ba ka labarin cewa nan ne Annabi Sulaimana yake tsare aljanu, shi ya sa ba su son a taɓa kyanwoyin nan. Ka saurara da ladabi, labarin gari ne, ya girme mu duka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne Sawakin garin iyaka ne tun asalinsa. Nan ƙasar baƙar fata ta ƙare, daga nan sai ruwa, bayan ruwa sai Hijaz. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a nan wajen 1330, ya tarar da tsibiri babu ruwan sha, babu shuka, babu itace, ana kawo ruwa da jirage, kuma mai mulkinsa wani sharifi ne ɗan gidan sarautar Makka. Da tashar Aizab ta arewa ta mutu a ƙarni na 15, ciniki ya dawo nan. Jiragen yaƙin Fotugal sun shigo mashigin a 1541. Turkawan Daular Usmaniyya, bayan sun ci Masar a 1517, suka miƙo hannu, har a 1555 Ozdemir Basha ya kafa lardin Habash, Sawakin na cikin manyan kujerunsa. Amma ikon Baturke a tsibiri ya tsaya. Da ka taka gaɓa, maganar Bija ce da ta sarakunan Funj na Sinnar. A 1865 aka miƙa garin ga Khidiwi Isma'ila na Masar, shekara huɗu bayan haka aka buɗe mashigin Suwes, kuɗi ya shigo kamar ruwan kwari. Yawancin manyan gidajen da za ka ga kangonsu daga wannan lokaci suke.

Ka fara daga Gef da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Ƙofar Kitchener tana nan tsaye, ragowar ganuwar da aka kewaye garin da ita a shekarun da Usman Digna, sarkin yaƙin Mahdi a gabas, ya hana sojan Masar da na Ingila sakat. Daga 1883 zuwa 1891 garin a takure yake, an gwabza a Teb da Tamai a 1884, shi kansa Kitchener, wanda ya yi gwamna a nan daga 1886 zuwa 1888, harsashi ya same shi a muƙamuƙi a Handub. Kusan duk ƙasar Sudan ta faɗa hannun Mahdiyya, wannan ɗan gari bai faɗa ba, saboda jiragen yaƙi na bayansa. Tashar da za ka hau jirgi a cikinta, wadda aka buɗe a 1991, sunan Usman Digna take ɗauke da shi. A Gef ɗin kuma akwai ragowar wakalar Shinnawi, babban masaukin fatake na 1881, wanda mutanen gari ke cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara. Nan ayarin raƙuma daga Barbar da Kasala suke sauke ƙaro da fatu da hauren giwa da gashin jimina. Bayi ma ta wannan gari aka yi ta fitar da su, kada wani ya ɓoye maka wannan.

Idan ka haye tsibiri, abin da zai fara ɗaukar idonka masallatai biyu ne farare, na Hanafi da na Shafi'i, da ginin gumruk, wato kwastan, a bakin ruwa. Hukumar TIKA ta Turkiyya ce ta gyara su, kuma a watan Disamba na 2017 shugaba Erdogan ya zo da kansa ya zagaya. Ka lura da sunayen masallatan: ɗaya mazhabar ma'aikatan Turkawa, ɗaya ta attajiran Hadramaut da Hijaz. Sunayen kaɗai sun gaya maka su wa ke da tsibirin. Akwai kuma muhafaza, gidan gwamna, da kangon bankin Masar, da gidan tangaraho, da wurin Baitul Basha wanda ake ɗauka shi ne gida mafi tsufa, da gidan Khurshid Afandi. Sauran kuwa tsibi-tsibin duwatsu ne, wani wuri ka ga baka guda ta ƙofa a tsaye ita kaɗai, wani wuri matakala ta hau sama ba ta isa ko'ina ba.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce fagena. Ba yaƙi ne ya rushe Sawakin ba. Igwa ba ta taɓa yi wa gidajen nan abin da zaman kaɗaici ya yi musu ba.

Ka sunkuya ka ɗauki dutse ɗaya cikin tsibin. Za ka ji bai kai nauyin da idonka ya ba shi ba. Ka juya shi, za ka ga zanen halittar da ta gina shi a ƙarƙashin ruwa, wani kamar saƙar zuma, wani kamar 'yan taurari jere. Murjani ne, duk jikinsa ƙofofi, yana shan ruwa kamar soso. Ka kankare shi da farce, farin gari zai biyo, in ka ɗanɗana ka ji gishiri. Sai ka mayar da shi inda ka ɗauka. Da wannan aka tayar da benaye hawa biyu, hawa uku. Maginan sun san rauninsa, don haka suka yi dabara. Bango fuska biyu ne, ta waje da ta ciki, a cika tsakiya da ɓaraguzai da kwaɓi. Duk bayan 'yan layuka sai a shimfiɗa itace a kwance cikin bangon, ya ɗaure fuskokin biyu, ya raba nauyi, ta yadda ko dutsen ƙasa ya ci, za a iya tokare itacen a canza shi ba tare da an sauke sama ba. A Jidda ana kiran wannan itace takalil, dutsen kuma mangabi. Daga ƙarshe a lulluɓe ginin duka da jir, farar ƙasar da ake samu idan an ƙona shi wannan murjanin. Jir ɗin nan shi ne rigar gida. Shi gishirin iska yake ci maimakon dutse, shi ya sa dole a sabunta shi a kai a kai.

Kai ɗan Gadarif ne, ka san gidan jalus, wato ginin ƙasa. Ka san in ba a yi masa zibala, wato yaɓe, kafin damina ba, shekara ɗaya zai yi haƙuri, ta biyu ya tsage, ta uku ya fara zubewa daga sama. Kakanninmu a ƙasar Hausa haka suke yi wa soro yaɓe da makuba. To gidan murjani ɗan'uwan gidan ƙasa ne, kyan fuska kawai ya fi shi. Yana son mai shi a ciki.

Masu shi kuwa tashi suka yi. Mashigin Sawakin ƙunci gare shi, ga duwatsun ruwa hagu da dama, manyan jiragen tururi ba sa iya juyawa a ciki. Turawa suka zaɓi Marsa Shaikh Bargut, kimanin kilomita 60 arewa, suka fara gini a 1905, dogo daga Atbara ya iso teku a 1906, aka buɗe Bur Sudan a 1909. Kafin tsakiyar shekarun 1920 kamfanoni da banki da manyan 'yan kasuwa duk sun kwashe. Aka kulle ƙofofi aka tafi da makullai.

Ga yadda gida kulle yake mutuwa, na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Ruwan gaɓar nan da sanyi yake zuwa, wajen Nuwamba zuwa Janairu, ba shi da yawa amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa. Indararo ya toshe da ƙasa da kashin tsuntsu, babu mai hawa ya share. Ruwa ya kwanta a rufi, ya sami kan azara inda ta shiga bango, ya ruɓar da ita. Rufi ya faɗa ciki. Daga nan kan bango ya zama a buɗe, ruwa ya riƙa sauka tsakiyarsa yana wanke kwaɓin. Daga ƙasa kuma damshin teku yana hawowa da gishiri, rana ta busar da shi, gishirin ya daskare cikin ƙofofin dutse ya farfasa shi. Itacen ɗauri ya ruɓe, ko wani ya zare shi ya yi girki. Sai bango ya yi ciki kamar mai juna biyu, fuskar waje ta rabu da ta ciki, wata rana da dare a ji rugugi. Rawashin kuwa, waɗannan tagogin katako masu fitowa waje, na itacen Jawa da Indiya, masu faɗin da mutum zai shimfiɗa ya kwanta a ciki yana shan iska ba a ganinsa daga titi, nauyinsu a jikin bango yake. Da bango ya saki, su ne farkon faɗowa. Waɗanda ba su faɗo ba aka ciccire su.

Wani abu da ya ƙara dagula lamarin shi ne gado. Gida ɗaya, magada sun kai hamsin, wasu a Bur Sudan, wasu a Jidda, wasu a Alƙahira. Babu mai ikon gyarawa shi kaɗai, babu mai yarda a sayar, hukumar kayan tarihi kuma ba ta da ikon taɓa abin da ba nata ba sai da yardarsu, ko da tana da kuɗin. Tun 1994 Sawakin take cikin jerin wuraren da Sudan ta gabatar wa UNESCO tana jiran a amince. Tsohuwar Jidda, wadda dutse ɗaya da tsari ɗaya suka gina su, ta shiga jerin kayan tarihin duniya a 2014. In ka sauka can ka shiga Balad, wato tsohon garin, ka ga Baitu Nasif da maƙwabtansa, ka ɗaga kai ka kalli rawashin. Abin da kakanka ya gani a Sawakin ke nan. Jidda ta tsira ne domin ba a taɓa daina kwana a cikinta ba, ko da talakawa 'yan haya ne, cikinsu har da namu. Wanda yake kwana a ɗaki shi ke sanin inda yake yoyo.

Da ba don wani malamin zane mai suna Jean-Pierre Greenlaw ba, wanda ya bi gidajen nan yana aunawa yana zanawa tun suna tsaye, aka buga aikinsa a 1976, da yau ko mu masu gyara ba mu da abin dubawa. Da zanensa ake gane wane tsibi ne wane gida.

Akwai abin da ke ci mini rai, bari in faɗa maka shi tunda kuna da niyyar taɓa tsohon gini. Siminti. An taɓa kirana in duba wani bango da wani ɗan kwangila ya shafe da siminti shekaru kaɗan kafin nan, da kyakkyawar niyya, yana ganin ya ƙarfafa shi. Daga nesa sumul. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya amsa kamar ƙwarya. Muka ɓalle tafin hannu ɗaya, sai ga dutsen yana zubowa kamar garin tuwo. Siminti ya hana bangon numfashi, damshi ya rasa hanyar fita, gishiri ya zauna a ciki yana ci. Abin da ya jure shekara ɗari a tsirara, shekara biyar ya gama da shi cikin rigar siminti. Gyaran gaskiya da jir ake yi: a ƙona, a jiƙa a rami a bar shi ya kwana makonni har ya yi laushi kamar man shanu, a wanke yashi da ruwan daɗi don a fitar da gishiri, a shafa siriri-siriri, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe da gaggawa. Aiki ne na haƙuri, kuma masu iya shi sun ƙare sai ɗaiɗai. Ko gine-ginen da aka gyara suka yi fari tas ɗin nan, in ba a sa su aiki ba, in babu mai share indararo, hanyar da na farko suka bi za su bi. Masallatan sun fi samun sa'a domin ana salla a ciki.

Gidan tarihi akwai. A ɓangaren gaɓa yake, ana ce masa Mathaf Hadab, ka gaya wa mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, zai kai ka. Ɗan gari ne ya kafa shi da ƙoƙarin kansa, ya tattara kayan Bija da na tsohuwar Sawakin: takubba da garkuwa, kayan raƙumi, kayan jabana, wato gahawa, tsofaffin hotunan garin lokacin yana tsaye. Ka ba hotunan nan lokaci, in da hali ka fara da su kafin ka haye tsibiri, domin idonka ya san abin da zai nema cikin kufan. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Mutum ne ya ga kayan gidansu na watsewa, bai zauna jiran Khartum ba.

Amma labarin da ke da ƙarfi a can na masu ƙasa ne da attajiran tsibiri da Usman Digna. Haka ya dace, kowa nasa ya tara. Sawun kakanka ba a dutse yake ba, kuma wannan ne ya sa maganar ɗakin tarihinku ta fi duk sauran tambayoyinka nauyi a wurina.

Mutanenmu sun daɗe suna bin hanyar nan. Baturen nan Burckhardt da ya iso Sawakin a 1814 tare da ayari ya rubuta labarin Takarir, mahajjatan yamma masu tafiya da ƙafa, da suka yi tafiya tare. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, sai hanyar ta zama kogi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Masu biyowa suka riƙa shigowa ta Abeshe da Adare da Junaina, su yi Fashir ko Nyala, su kai Ubayyid inda dogo yake, suna tsayawa suna aiki suna tara guzuri: ginin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, tsinkar auduga a Jazira da Gash da Tokar, noman dawa da riɗi a wajenku. Ko bayan an buɗe Bur Sudan, Sawakin ce ta ci gaba da zama ƙofar alhazai, domin nan karantina take, nan ake lamba da allura, nan ake duba takarda, nan ake tsare masu dawowa kwanaki kafin a sake su. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin jirgi sai ya bi gaɓa da dare ya hau sambuk, wato jirgin ruwa na katako, a sauke shi wajen Lis ko Ƙunfuza ya ƙarasa da ƙafa. Wasu ruwa ya ci, wasu ƙishirwa, wasu aka yaudare su aka sayar a can, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Kakata ta wajen uwa ta yi watanni a Sawakin tana yarinya. Ba ta taɓa kwana a tsibiri ba. A bayan gari suka kafa rakuba ta tabarma da buhu, mahaifinta yana ɗauko ruwa daga rijiyoyin Shata yana sayarwa gida-gida, mahaifiyarta tana soya ƙosai. Abin da ta fi tunawa shi ne ranar da ta bi uban ya kai ruwa wani gida a tsibirin, wata mata ta ɗaga murfin roshan, irin tagar katakon nan, daga sama ta sauko mata da dabino cikin ɗan kwando a igiya. Har ta rasu tana nuna mana tabon lamba a dantsenta tana cewa wannan ne tambarin Sawakin. Rakuba ba ta barin kufai. Iska ɗaya ta share wurin. Abin da ya rage na dubban mutane irinta yana cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin angarib, wato gadon igiya, a Gadarif da Kasala da Mai Wurno da Wad Madani da Damazin, da kuma cikin kawunan tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka kada ku fara da neman ɗaki. Ku fara da tsofaffi. Ku ɗauki waya ku zauna gaban kowace tsohuwa da kowane tsoho a unguwa, ku bar su su yi magana da Hausarsu, kada ku katse su kuna gyara musu shekara. Ku tambayi sunan garin da aka taso, da zangon da aka yi, wa ya mutu a ina, wa aka haifa a ina, da wace sana'a aka ci abinci. Ku tambayi matan daban, domin su suka riƙe sunaye da waƙoƙin niƙa da na daka, kuma gaban maza ba za su faɗa ba. A farkon kowane ɗauka ku faɗi rana da wuri da sunan mai magana, ku nemi izininsa. Gini zai jira ku shekara goma, tsoho ba zai jira ba.

Bayan haka sai kaya. Za ku sha mamakin abin da zai fito: gafaka da Alƙur'ani rubutun hannu, warwaren ganye, da rubutun Barno ko na Kano a ruwayar Warshu, alhali maƙwabta da Duri suke karatu; allo da ya yi baƙi don wanki; akushi da ya tsage aka ɗinke; gora, buta, tasbaha, zanen saƙi, kuɗin Ingila na Afirka ta Yamma mai huda a tsakiya, wasiƙun ajami da aka aiko daga gida ana tambayar ko su wane na raye. Ku sayi babban littafi mai ɗauri, kowane abu a ba shi lamba, a rubuta na wane ne, daga ina ya zo, wa ya ba da labarinsa. Akushi ba tare da labarinsa ba itace ne kawai. Kuma kada ku matsa wa mutane su ba ku kyauta. Ku karɓa aro da takarda da shaidu, mai abu ya san ranar da ya so zai ɗauki abinsa. Da yawa ma hoto ya isa, a bar asalin a gidansu. Amana ɗaya in ta salwanta a hannunku, unguwa duka za ta rufe akwatunanta.

Dalilin da ya sa nake nanata hoto da kwafi, kai ma ka san shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum, an taɓa Gidan Khalifa a Umdurman, fadar Sarki Ali Dinar a Fashir ta sha wuta, gidan tarihin Sarki Bahruddin a Junaina, ƙofar da kakanninmu suka shigo ta cikinta, shi ma bai tsira ba. Wurare ne masu ganuwa da masu gadi. Don haka duk abin da kuka ɗauka, murya ko hoto, ku ajiye shi wuri uku: ɗaya a hannunku, ɗaya a wani gari, ɗaya wajen ɗan'uwa a Jidda ko Kano. In ɗakin ya samu daga baya, ku zaɓi wanda ake shiga kullum, kusa da masallaci ko makarantar allo ko kulob ɗin unguwa, mai iska, wanda rufinsa ba ya zuba, a ɗaga kaya daga ƙasa saboda gara. Ɗakin da sai baƙo ya zo ake neman makullinsa, abin da ya sami gidajen tsibiri shi zai same shi.

Ita kuwa takardar kakanka, ina roƙonka kada ka kai ta shago a manne ta cikin roba da zafi. Na ga takardu da yawa da aka kashe ta haka, tawada ta narke, kuma ba a iya ɓarewa. Kada ka liƙa mata salatif a inda ta yage, kada ka sa ta a leda, gumi zai kama ta. Ka wanke hannu ka busar, ka buɗe ta a hankali a kan tabarma mai tsabta cikin inuwa, ka ɗauki hotonta gaba da baya, kowane shafi, har da waɗanda kake ganin babu komai. Ka sa ta tsakanin farar takarda biyu, ka naɗe da farin ƙyalle na auduga, ka mayar wa kakarka. Kada ka taho da ita Sawakin, iskar teku ba ta yi mata kyau.

Kafin ka taso, ka zauna da Hajiya kakarka ka tambaye ta abin da kakanka ya gaya mata game da garin: wata nawa ya yi, a ina suka sauka, jirgin tururi ya hau ko sambuk, wa ya bari a maƙabartar can. Rana ta biyu da la'asar, in ka gama zagaya, ka sha jabana da citta a bakin hanyar tsibiri, ka buɗe hoton a wayarka ka bi tamburan ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu za ka iya samun na karantina da kwanan wata. In ka samu, ka aiko mini da shi, ina da na mahaifin kakata a ajiye, mu gwada mu ga ko shekara ɗaya suka ƙetare.